Batirin Keken Lantarki: Tambayoyi da Amsoshi kan Gano Matsala da Gyara

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, kekuna da babura masu caji suka fara yawa a titunanmu, tambayoyi kan batir kuma suka biyo baya. Ga waɗanda aka fi maimaitawa. Bayanin ya shafi batirin litiyam ne. Idan naka irin na dalma ne, mai bulo huɗu ko biyar masu nauyi, lissafinsa daban ne.

Me ke cikin akwatin batirin nan?

Ƙananan ƙwayoyi ne masu siffar batirin tocila, an jera su an haɗa da siraran faifan ƙarfen nikel. Wadda aka fi samu ita ce 18650, wato faɗinta milimita 18, tsawonta 65. Akwai kuma 21700 da ta ɗan fi ta girma. Kowace ƙwaya idan ta cika tana nuna 4.2V, tsaka-tsakinta 3.6V ko 3.7V, idan ta sauko wajen 3.0V kuwa ta ƙare.

Ana haɗa ƙwayoyi gefe da gefe su zama rukuni ɗaya don su daɗe suna ba da wuta, sannan a jera rukunan kai da gindi don ƙarfin ya hau. Idan ka ga an rubuta 13S4P, rukuni 13 ne, kowanne da ƙwaya 4, jimilla 52. Kusa da su akwai ɗan allo mai suna BMS, mai gadin batirin. Daga gare shi siririyar waya take zuwa kowane rukuni, kuma shi ke yanke wuta idan rukuni ɗaya ya cika fiye da kima, ko ya sauka ƙasa da kima, ko aka ja wutar da ta fi ƙarfinsa. Riƙe wannan da kyau, domin kusan duk amsoshin da ke ƙasa a kansa suka dogara: BMS yana kallon rukuni ɗaya-ɗaya ne, allon kekenka kuwa jimilla kawai yake gani.

Batirina ya ƙi ɗaukar caji. Ta ina zan fara?

Daga caja, kafin ka taɓa sukuddireba. Saka ta a wuta, juya mitarka ta auna ƙarfin wuta zuwa DC a ma'aunin 200V, ka auna bakinta. Lambar da ka gani ta yi daidai da wadda aka rubuta a bayan cajar. Akwai cajojin da ba sa fitar da komai sai sun ji batir, don haka idan ka ga sifili, ara ta wani mai batir irin naka ka gwada kafin ka yanke mata hukunci. Fitila kore a jikin caja ba shaida ba ce cewa batir ya cika. Haka take nunawa ko da wayar ta katse a ciki.

Bayan caja sai ramin da ake soka ta: dubi ko ya yi baƙi, ko ƙura ta toshe shi, ko ƙarfen ciki ya saki. Sai fiyus. Batura da yawa suna da guda biyu, ƙarami na ɓangaren caji da babba na ɓangaren tuƙi. Sai makunnin da ke jikin akwatin, wanda wasu batura ba sa karɓar caji sai yana kunne. Waɗannan ƙananan abubuwa su ke sa a yi wa batura masu lafiya jana'iza, abin da ke ba ni takaici ƙwarai, domin batir shi ne mafi tsada a jikin keken.

Nawa ya kamata mita ta nuna idan batir ya cika?

Ninka yawan rukunai da 4.2. Batirin 36V rukuni 10 ne, cikarsa 42V. Na 48V rukuni 13, cikarsa 54.6V. Na 52V rukuni 14, 58.8V. Na 72V rukuni 20, 84V. Na 60V shi ne mai rikitarwa, domin wasu na yin sa da rukuni 16, cika 67.2V, wasu da 17, cika 71.4V, kuma cajar wannan ba ta yi wa wancan.

Akwai wani nau'in litiyam da ake rubuta wa LiFePO4 ko LFP, irin wanda ya yi yawa a baturan sola. Ƙwayarsa tana cika a 3.65V, tsaka-tsakinta 3.2V, don haka na 48V galibi rukuni 16 ne, cikarsa 58.4V. Karanta takardar jikin batirinka ka san wanne gare ka.

Bakin cajata ya shiga. Ba shi ke nan ba?

A'a. Masu ƙera caja suna amfani da baki iri ɗaya ga cajoji mabambanta, wani lokaci ma a juya ja da baƙi, wato (+) da (-). Mafi haɗari shi ne cajar batirin dalma ta 48V, wadda ke kaiwa wajen 59V. Raba wannan gida 13, za ka ga kowace ƙwaya tana fuskantar kusan 4.5V. Muddin BMS na da lafiya zai yanke, amma ka mayar da mai gadi na ƙarshe ya zama shi kaɗai ne tsakaninka da gobara, kullum, kowane dare. Wanda ya sauya kekensa daga batirin dalma zuwa litiyam, ya sauya caja a rana guda.

Allo yana nuna ya cika, amma da na hau gada ko na murɗa totur sai ya ɗauke. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma amsarta kashi biyu ce.

Na farko rashin daidaito. Ɗauki misalin jarkoki 13 a kurar mai ruwa, ana cika su lokaci guda, da sharaɗin a rufe famfo da zarar ɗaya ta cika, a kuma daina sayarwa da zarar ɗaya ta ƙare. Idan ɗaya ta tashi da ruwa ƙasa da rabi, ita za ta tsayar da cinikin ranar, sauran 12 na ɗauke da ruwansu. Haka batir yake. A ce rukuni 12 suna 4.2V, ɗaya yana 3.6V: jimilla 54.0V, allo zai nuna maka cike tam. Amma wancan ɗayan bai kai rabi ba, kuma da ya faɗi zuwa iyakar da aka sa wa BMS, galibi tsakanin 2.5V da 3.0V, za a yanke wutar batirin gaba ɗaya.

Na biyu tsufa. Ƙwaya tana tsufa turjiyar cikinta tana ƙaruwa, sai ƙarfin ya rusuna da zarar an ɗora masa nauyi, ya miƙe idan an sauke. Batirin 48V mai lafiya yakan sauka da kamar 2V zuwa 4V idan ka murɗa sosai. Wanda ke faɗuwa da 8V ko 10V ya gaji. Sai dai ka fara taɓa mahaɗar da ke tsakanin batir da kwantirola, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin keken, bayan ɗan tuƙi. Idan ta yi zafi ko robarta ta narke, matsalar a nan take, kuma gyaranta ba ya buƙatar buɗe batir. Yadda ake bambance rashin daidaito da tsufa yana amsar da ke kan auna rukunai.

Zan iya buɗe shi da kaina?

Idan ka saba aiki da mita kuma hannunka ba ya rawa, za ka iya buɗewa don aunawa. Amma ka sani batir ba shi da makunnin kashewa daga ciki. Ƙwayoyin suna raye ko da BMS ya yanke, kuma sukuddireba ɗaya da ta faɗi tsakanin faifan nikel biyu ta isa ta jawo ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido. Cire zobe da agogo. Naɗe jikin kayan aikinka da salatif, ka bar tsinin kawai. Yi aikin a waje ko inda iska ke shiga, bisa katako, ba bisa teburin ƙarfe ba, da bokitin yashi a kusa. Rufe duk inda ba ka aiki a kai da kwali. Ɗauki hoton wayoyi kafin ka zare komai. Idan da hali, buɗe shi lokacin da cajinsa ya yi ƙasa.

Kada ka buɗe batirin da ya kumbura, ko yake wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ko yake ɗumi alhali ba a aiki da shi. Wannan ya wuce gyara, duba amsa ta ƙarshe. Haka kuma baturan manyan kamfanoni irin su Bosch da Shimano suna magana da injin keken ta manhajarsu, BMS na kasuwa ba zai maye gurbin nasu ba.

Yaya ake auna rukunai, kuma me lambobin ke nufi?

Nemi farar mahaɗa mai siraran wayoyi da ke shiga BMS. A batirin rukuni 13 galibi guda 14 ne. Auna ta farko da ta biyu, sannan ta biyu da ta uku, haka har ƙarshe, kana rubutawa a takarda. Yi amfani da tsini siriri, ka kiyaye kada ya taɓa ƙafa biyu lokaci guda. Batir mai lafiya, tazarar mafi sama da mafi ƙasa ba ta wuce 0.05V. Idan ta haura 0.1V akwai abin dubawa.

Awo ɗaya bai isa ba. Auna sau biyu, bayan cikakken caji da kuma bayan keken ya ɗauke, domin a nan gaskiya take fita. Rukunin da yake ƙasa da 'yan'uwansa a duka awon biyu, baya kawai aka bar shi, daidaitawa za ta iya gyara shi. Rukunin da ya fi kowa sama bayan caji, ya kuma fi kowa ƙasa bayan tuƙi, shi ne wanda cikinsa ya ƙanƙance: yana saurin cika, yana saurin ƙarewa. Sau da yawa ƙwaya ɗaya ce a cikinsa ta mutu ko waldarta ta saki, sai uku suke ɗaukar aikin huɗu. Idan ƙwayoyin masu 3000mAh ne, wato 3Ah, ma'aunin yawan cajin da kowace ke ɗauka, rukunin ya koma 9Ah a maimakon 12Ah, batirin duka ya koma 9Ah tare da shi. Daidaitawa ba ta maganin wannan.

Akwai na uku: rukunin da ka daidaita yau, bayan mako ɗaya a ajiye ya sake sauka shi kaɗai. Ko dai wata ƙwaya tana yoyon wuta daga ciki, ko BMS ne ke tsotse ta wannan layin. Zare mahaɗar BMS ka sake ajiyewa mako guda. Idan saukar ta tsaya, laifin BMS ne. Idan ta ci gaba, ƙwaya ce, kuma irin wannan ƙwayar ita ce aka fi jin tsoro.

Rukunin da ya nuna sifili a mahaɗa, sake auna shi kai tsaye a kan nikel. Wataƙila siririyar wayar ce kawai ta tsinke.

Ta yaya zan san BMS ne ya lalace ba ƙwayoyi ba?

A jikin allon za ka ga B- da P-, wani lokaci da C-. B- yana zuwa daga ƙwayoyi, P- yana fita zuwa keke, C- na caja ne. Ɗora jan tsinin mita a babbar jar waya, ka auna B-, sannan ka auna P-. Idan lambobin biyu sun yi daidai, ƙofa a buɗe take. Idan B- ya nuna 50V, P- kuma sifili ko wata lamba mai yawo, BMS ya rufe.

Rufewa ba lalacewa ba ce. Koma kan awon rukunai. Idan akwai wanda ya fita daga tsakanin 3.0V da 4.2V, BMS aikinsa yake yi. Idan duka suna lafiya, soka caja na ɗan lokaci, domin da yawa haka ake farkar da su bayan sun kulle. Sai idan ya ƙi buɗewa bayan wannan za ka ce ya mutu. Akwai kuma mutuwar da ta fi wannan muni, wadda BMS ke maƙalewa a buɗe ya daina yankewa sam. Alamarta ita ce ka ga rukuni ya haura 4.3V.

Yaya ake daidaita rukunai?

BMS na gama-gari yana daidaitawa ne a ƙarshen caji, ta hanyar ɗan rage wa rukunan da suka riga cika, da wuta kaɗan, kamar 50mA. Yi lissafi: rukunin 12Ah da aka bari baya da kashi 10 cikin ɗari yana bin bashin 1200mAh, wato awa 24. Don haka ƙaramar tazara takan gyaru idan kana barin caja na wasu awanni bayan fitila ta koma kore, sau da dama, kana kusa. Mai cire caja kullum kafin ya cika bai taɓa ba BMS damar wannan aiki ba. Wasu masu araha ma ba su da sashen daidaitawa ko kaɗan.

Babbar tazara sai da hannu: a yi wa rukunin da ke ƙasa caji shi kaɗai da cajar ƙwaya ɗaya mai tsayawa a 4.2V, da wuta 1A ko ƙasa, har ya kamo sauran. Cajar ta kasance ba ta haɗe da komai na batirin sai wannan rukunin.

Ya yi watanni a ajiye, yanzu ya mutu murus. An ce a ba shi wuta kai tsaye ya farfaɗo. Gaskiya ne?

Zai iya farfaɗowa, kuma nan ne haɗarin yake. BMS yana shan wuta kaɗan-kaɗan ko keke na ajiye, don haka batirin da aka jingine babu caji yakan zurma ƙasa da iyaka. Buɗe ka auna. Rukunan da ke tsakanin 2.5V da 3.0V ana iya ɗago su a hankali da ƙaramar wuta, ana taɓawa ana jin ko suna ɗumi. Wanda ya sauka ƙasa da 2.0V ya daɗe a haka, jan ƙarfen da ke cikin ƙwayar ya fara narkewa, idan aka sake caji sai ya taru ya zama tsinke-tsinken da ke iya huda siririn mayafin da ya raba ɓangarori biyu na ƙwayar. Za ta yi aiki yau, ta yi gobe, ta kama wuta wata rana cikin dare. Ni ba na mayar da irin wannan ƙwaya cikin batirin kowa, ko mai shi ya roƙa.

Kada kuma ka yarda wani ya soka allura a ƙarƙashin hular ƙwayar da ke nuna sifili don ya “tashe” ta. Wani ɗan faifan tsaro ne a ciki ya yanke saboda iska ta taru, kuma dalilin taruwar yana nan.

In canza rukunin da ya lalace kawai, ko duka?

Idan batirin sabo-sabo ne, sauran rukunai kuma suna tafiya kai ɗaya, canza rukunin gaba ɗayansa, ba ƙwaya ɗaya ba, da ƙwayoyi masu suna da lamba irin na ciki. Kafin a haɗa su gefe da gefe, ƙarfinsu ya zo ɗaya, sannan a kawo sabon rukunin daidai da sauran. Idan kuwa batirin ya sha shekara uku ko huɗu yana aiki kullum, rukunin da ya faɗi na farko ne kawai a layi. Ƙwayoyi irin waɗannan sukan fara raguwa sosai bayan caji ɗari biyar zuwa sama, LFP kuwa yana kai dubbai. A nan sake zuba ƙwayoyi duka, a riƙe akwatin, ya fi sauƙi a aljihu idan aka yi lissafin shekara.

Ƙwayoyin da ake ɓarowa daga tsofaffin baturan laftof ba su dace ba. An yi su ne don ƙaramar wuta, shekarunsu daban-daban, babu wanda ya san wahalar da kowace ta sha. Suna iya yin fitila, amma keke mai jan 15A ko 20A zai dafa su. Birnin New York, inda gobarar baturan litiyam ta kashe mutum 18 a 2023, ya haramta haɗa batir da ƙwayoyin da aka ciro daga tsofaffi a wannan shekarar.

Yaya zan gane ƙwayar jabu?

Araha ba ta ado. Ƙwayar 18650 ta gaskiya daga Samsung, LG, Panasonic ko Molicel tana tsayawa ne wajen 3500mAh, don haka duk wadda aka rubuta wa 6800 ko 9900 ƙarya ce tun daga riga. Nauyin ta gaskiya yana tsakanin giram 43 da 50, ta jabu takan yi sakayau. Wasu kuma tsofaffi ne aka sake wa riga, za ka ga tabon tsohuwar walda da aka goge a gindi. Tabbaci ɗaya shi ne na'urar gwajin ƙwaya, mai cika ta ta sauke ta faɗi adadin da ta ɗauka. Dubi kuma yawan wutar da ƙwaya ke iya bayarwa: Samsung 35E tana da 3500mAh amma 8A, 30Q kuwa 3000mAh da 15A.

Zan iya liƙa su da dalma?

Ba a so. Zafin da dalma ke buƙata yana ratsawa ciki ya taɓa robobin hular ƙwayar da mayafin da aka ambata a amsar batirin da ya daɗe a ajiye. Aikin injin waldar ɗigo ne, mai manna nikel cikin ƙasa da daƙiƙa. A nemi nikel zalla, galibi mai kaurin milimita 0.15, domin akwai baƙin ƙarfe da aka shafa wa nikel, wanda ke zafi idan wuta ta yi yawa. Maganaɗisu yana kama duka biyun. Karce shi ka jefa a ruwan gishiri kwana ɗaya zuwa biyu, na shafe zai yi tsatsa.

Abin da sababbin masu gyara ke mantawa: duk jikin gwangwanin ƙwaya, har kafaɗarta da ke zagaye da kai, ɓangaren baƙi ne. Siririyar riga ce kawai ta raba shi da nikel ɗin da ya bi ta kan kai. Girgizar hanya na iya cinye rigar. Shi ya sa ake manna zoben takarda mai tauri a kan kowace ƙwaya kafin walda, a kuma sa irin takardar tsakanin rukunai.

Idan zan sa sabon BMS, me zan kiyaye? Ko in cire shi kawai?

Cirewa ba zaɓi ba ne. Mai gyaran da ya ce maka ya “yi dairek” don keken ya daina ɗaukewa, ƙararrawar ya kashe, matsalar tana nan tana girma.

Sabon ya dace da nau'in ƙwaya, na 4.2V ko na LFP, da yawan rukunai, amfiyarsa kuma ta ɗara ta kwantirola. Jera siraran wayoyin alhali mahaɗar tana zare. Sannan ka auna daga ta farko zuwa kowace: lambar ta riƙa hawa a jere, kamar 3.7, 7.4, 11.1, har ƙarshe. Waya ɗaya da ta tsallake gurbinta za ta ƙona allon nan take. Haɗa B- tukuna, sai mahaɗar, sai P-. Kada ka dogara da tsohuwar mahaɗa don kawai ta shiga ramin sabon.

Zafin garinmu da wutar janareta suna cutar da shi?

Zafi yana ci, sosai. Iyakar cajin yawancin ƙwayoyi digiri 45 ce, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai kuwa inuwa kanta tana haura 40 a watan Afrilu, balle baƙin akwatin da ya wuni a rana. Bayan tuƙi bar shi ya huce kamar rabin awa zuwa awa, sannan a yi caji a inuwa, bisa siminti, ba kan katifa ba, ba a bakin ƙofar da za a bi a fita ba. Na san wuta takan zo ne da tsakar dare, mutum ya soka ya kwanta. In ba makawa, a yi a tsakar gida, nesa da ɗakin yara. Idan za a ajiye shi na watanni, a bar shi wajen rabin caji, a duba duk wata ɗaya ko biyu.

Hawa da saukar wuta kuwa caja take fara kashewa. Tayar da janareta ya daidaita kafin ka soka, ka zare kafin a kashe shi. Bayan duk wata wuta mai ƙarfi da ta ƙona kaya a gida, sake auna bakin cajar.

Ruwa ya shige shi da damina. In shanya shi in ci gaba?

Kada ka yi masa caji. Cire shi daga keke, ajiye a waje, a buɗe a duba. Ɗan danshi a bakin mahaɗa yana bushewa. Amma idan ka ga tsatsa ko kore-kore a kawunan ƙwayoyi ko a kan BMS, ruwan ya riga ya buɗe wa wuta hanyoyin da ba nata ba, kuma matsalar kan bayyana bayan kwanaki. Batirin da ya nutse a ambaliya a ɗauke shi a matsayin wanda ya tashi aiki.

Idan ya fara hayaƙi fa? Kuma ina zan kai wanda ya mutu?

Alamun farko su ne zafi mai ƙaruwa, sautin huci ko fashe-fashe ƙanana, da farin hayaƙi. Zare caja daga bango idan hannunka zai kai ba tare da ka tsaya a kansa ba. Fitar da kowa, ka kira 'yan kwana-kwana. Hayaƙin guba ne, kada a shaƙa. Ƙwaya ɗaya ce ke kunna ta kusa da ita, suna harbowa kamar harsashi, kuma rufe shi da bargo ba ya kashe wutar. Ruwa mai yawa daga nesa yana sanyaya sauran ƙwayoyin, bayan an tabbatar babu abin da ke haɗe da wutar gida. Ko ya lafa, yana iya sake tashi bayan awanni, don haka ya kwana a fili.

Wanda ya mutu, kada a jefa shi bola inda ake cinna wuta, kada kuma a miƙa wa yaran gwangwan da za su fasa shi da guduma. Rufe bakin wayoyinsa da kawunan ƙwayoyin da aka ciro da salatif, saka su cikin bokitin ƙarfe mai busasshen yashi a inuwa, sannan ka tambayi dillalin da ya sayar maka da keken ko masu harkar baturan sola ko suna karɓar tsofaffi.